Hostin ɗin dillanci ga mai gina wa mutane shafin intanet: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Duk wanda ya shiga sana'ar gina wa mutane shafin intanet ba ya daɗewa yake gane cewa zanen shafin shi ne mai sauƙi. Rigimar tana wajen da za a ajiye shi, wato hostin. Kwastoma ba ruwansa da sunan kamfanin da ke riƙe da saba, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Kai ya sani, lambarka ce a wayarsa, kuma ranar da shafin ya ƙi buɗewa kai zai kira, ko kana tsakiyar ɗaurin aure ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tun da na buɗe ɗan ofishina a Kaduna, tsarin dillanci nake amfani da shi, wanda 'yan sana'a ke kira risela. Za ka sayi wuri a sari daga kamfanin hostin, ka yanyanka shi, kowane kwastoma ka buɗe masa nasa asusun. Nawa a kan cPanel da WHM yake tafiya: cPanel manhajar sarrafa asusu ɗaya ce, WHM kuma ita ce wadda dillali ke buɗe asusun da kula da su. Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda akwai yabo akwai ƙorafi a abin da zan faɗa, kuma yawancinsa ya shafi tsarin ne, ko a wajen wa ka saya. Kwastomomina ba manya ba ne: makarantu masu zaman kansu, wani ƙaramin asibiti, kamfanin shirya tafiyar Umara, mai sayar da gadaje da kujeru, sai wata ƙungiya mai tallafa wa marayu. Kusan dukkansu a kan manhajar gina shafi ta WordPress na gina musu.

Ra'ayina shi ne, ga wanda yake farawa kuma yake riƙe da shafukan wasu, wannan tsarin ya fi sauran biyun da ake yawan ba sabon shiga shawara a kai. Babban dalilin kuwa shi ne katangar da yake ginawa tsakanin kwastoma da kwastoma.

Shawarar farko da za ka ji ita ce ka sayi ƙaramin hostin na mutum ɗaya, irin wanda ake tallatawa da cewa yana ɗaukar shafuka ba adadi, ka jibge na kowa a ciki. Kuɗinsa kaɗan ne, shi ya sa yake jan hankali. Amma duk shafukan nan a ƙarƙashin asusu ɗaya suke, kalmar sirri ɗaya, ma'ajiyar fayiloli ɗaya. Idan fulogin guda, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, ya tsufa a shafin mai kujeru, masu kutse suka shigo ta nan, ba abin da zai hana su tsallakawa zuwa na asibiti. Sannan ranar da shugabar makaranta ta ce, "Malam, mun ɗauki yaron da zai riƙa sa mana hotuna, a ba shi hanyar shiga cPanel," ba ka da abin ba shi, don in ka ba shi ka buɗe masa gidan kowa ke nan. A WHM kuwa minti biyu ya isa ka buɗe asusu, ka yanka masa iyakar wuri da yawan akwatunan imel, ka miƙa kalmar sirri hankalinka kwance. Wanda ya ƙi biyan kuɗin shekara, shi kaɗai za ka dakatar. Wanda ya ce zai koma wajen wani, ka fitar masa da cikakken kwafin asusunsa a fayil ɗaya, ku rabu lafiya. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci fiye da yadda sabon shiga ke zato, domin a garinmu labarin yadda kuka rabu da kwastoma ya fi labarin kyan aikinka saurin yaɗuwa.

Na ga amfanin katangar nan ƙarara lokacin da wata makaranta ta saki sakamakon jarrabawa a shafinta, iyaye suka yi masa caa a lokaci guda. Sabar tana da CloudLinux, manhajar da ke yanka wa kowane asusu iyakar ƙarfin da zai ja. Shafin makarantar ya yi nauyi, wasu iyayen suka riƙa ganin saƙon kuskure mai lamba 508, amma sauran shafukan ko gezau ba su yi ba. Waya ɗaya na amsa a ranar maimakon goma. Kafin ka biya kowa, tambaye shi ko sabarsa tana da wannan, ka kuma tambayi ainihin iyakar da aka yanka wa kowane asusu. Maganar "ba iyaka" da ake rubutawa a talla, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙasanta. Galibi akwai iyaka a kan adadin fayiloli, kuma kowane saƙon imel fayil ne, don haka ofishin da ba ya goge saƙonni zai cike gurbinsa alhali wurin ajiya bai ko kai rabi ba.

Shawara ta biyu daga abokai masu ƙwarewa take zuwa: ka kama VPS kawai, wato hayar yankin saba naka kai kaɗai da za ka sarrafa da kanka. A takarda suna da gaskiya. DigitalOcean na ba da ƙaramar saba mai ƙwaƙwalwar gigabait 1 a kan dala 6 a wata, Hetzner na Jamus ma an san shi da sauƙin farashi. Ni ma ina da guda da nake gwaje-gwaje a kai, kuma tana da sauri. Sai dai abin da ake ba ka saba ce tsirara. Sabunta manhaja, toshe ƙofofin kutse, saita imel, ɗaukar kwafin ajiya, tashi cikin dare idan MySQL, manhajar da ke riƙe bayanan shafi, ya tsaya, duk a wuyanka suke. In kuma cPanel kake so a kanta, lasisinsa daban ne, kuma tun 2019 kamfanin ya daina karɓar kuɗi ɗaya a kan saba, ya koma lissafi da yawan asusun da ka buɗe. Wannan canjin ne ma ya sa tsare-tsaren dillanci yanzu suke ƙayyade asusu nawa za ka iya buɗewa, ya kuma tura wasu kamfanoni zuwa DirectAdmin, kishiyar cPanel. Mai zanen shafi da ke neman kwastomansa na biyar, lokacinsa ya fi tsada a wajen neman aiki da gama shi.

Sai maganar kuɗi, wadda a Najeriya ita ce rabin shawarar. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a naira alhali shi da dala yake biya duk wata, ya san yadda riba ke narkewa a hannu. Ga kuma lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya na tsawon lokaci. Wannan ne ya sa na zaɓi kamfanin da ke karɓar naira, ta tura kuɗi daga banki ko ta Paystack. Kada dai a ruɗe ka: lasisin cPanel da hayar saba da dala su ma suke biya, saboda haka farashinsu yana bin dala, sai dai a hankali. An ƙara mini kuɗi a lokacin sabuntawa, kuma sanarwar ta zo a ƙurarren lokaci, abin da bai yi mini daɗi ba. Tun daga farko ka duba farashin sabuntawa, ba na shekarar farko ba, ka kuma rubuta wa kwastoma a takardar yarjejeniya cewa kuɗin hostin na iya canzawa duk shekara.

Kamfani ya zama na gida ba ya nufin sabarsa tana gida. Da yawa haya suke yi a Turai ko Amurka, kuma tawa ma a Turai take. Ban ga laifin haka ba. Wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1, Turai suka nufa, don haka ta fi yammacin Amurka kusa da mu nesa ba kusa ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ji a jikinsa, kuma ranar ce kaɗai na yi sha'awar saba a Legas. Sauran ranaku, Cloudflare na kyauta, wanda ke ajiye kwafin fayilolin shafi kusa da masu ziyara kuma yake da cibiya a Legas, tare da fulogin ɗin ƙara sauri na LiteSpeed Cache sun wadatar. Gaskiyar magana ma, yawancin nauyin da ake ɗora wa saba laifinsa, hoton waya ne mai megabait biyar da aka ɗora a shafin farko ba a rage shi ba.

SSL, shaidar tsaron da ke sa adireshin shafi ya fara da https, ba abin tsayawa ba ne. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, kuma Let's Encrypt kyauta yake bayarwa. A nawa AutoSSL ne ke sakawa yana sabuntawa da kansa. Duk wanda ya ce sai ka biya wannan daban don shafin makaranta, wuce shi.

Inda tsarin ya fi ba ni ciwon kai shi ne imel. Adireshin IP ɗaya, wato lambar sabar a intanet, kuke rabawa da mutanen da ba ka sani ba. Wani can ya aika saƙonnin banza, a sa adireshin a baƙin littafi, sai takardar farashin da Alhaji mai Umara ya tura wa abokin hulɗarsa ta faɗa akwatin tarkace. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗan tantance mai aika saƙo, don haka saita SPF da DKIM da DMARC, bayanan da ke tabbatar da cewa saƙo daga gare ka yake, ya zama aikin ranar farko, kuma cPanel ya sauƙaƙa shi. Amma ko ka saita komai daidai, ba ka da iko da halin maƙwabcinka. Da na kai wa kamfanin kuka, amsar farko da na samu irin wadda ake kwafowa ce a liƙa wa kowa, sai da na sake rubutawa da hujja kafin maganar ta kai ga wanda ya san aikin. Shi ɗin ya gyara, ba laifi, amma yini ya riga ya tafi. Yanzu duk kwastoman da cinikinsa ya dogara da imel, Zoho Mail ko Google Workspace nake kai shi, shafin kaɗai nake bari a wajena. Alhaji ya ɗan yi ƙorafin ƙarin kuɗi, na ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ɗaya da ya ɓata ya fi kuɗin shekarar nan." Bai sake tayar da maganar ba.

Masu taimakon kwastoma, hanyar gwada su kafin ka biya mai sauƙi ce. Aika musu tambaya ta gaske a daren Asabar, ka ga yaushe za su amsa, kuma ko sun karanta abin da ka rubuta.

Wajen kwafin ajiya kuwa kamfanin ya yi ƙoƙari. Akwai manhajar kwafi ta JetBackup a ciki, kuma da wani ma'aikacin asibitin ya goge shafin likitoci bisa kuskure, kafin shayina ya huce na dawo da shi. Duk da haka ba na barin kwafi a hannun kamfani ɗaya. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa shafi da kwafinsa tare, saboda duk a wuri ɗaya suke. Kowane shafi nawa fulogin ɗin UpdraftPlus na tura kwafinsa zuwa Google Drive, kuma lokaci-lokaci nakan ɗauki ɗaya in dawo da shi a wani wuri don in tabbatar ba fanko nake ajiyewa ba.

Abu ɗaya da ba na yarda dillancin ya haɗiye shi ne sunan shafi. Domen, wato sunan shafin, na kwastoma ne, da sunansa da imel ɗinsa ake yi masa rajista, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng. Na sha karɓar aikin da tsohon mai ginin ya yi rajista da sunan kansa ya ɓace, makaranta ta rasa sunan da ta buga a allo da rasit da jikin motar ɗalibai. Wannan cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Kuma nakan ajiye domen a wani kamfani daban da na hostin, yadda in tafiya ta kama, canza adireshin saba kawai zan yi.

WHMCS, manhajar da ke aika wa kwastomomi takardar biya da kanta, ban ga buƙatarta ba tukuna. Jadawali a Google Sheets da tunatarwa wata guda kafin wa'adi suna yi mini aikin. Shafin da nake sa wa ido shi ne na mai kujeru, wanda ya fara sayarwa ta WooCommerce, fulogin ɗin buɗe kanti a WordPress, kuma yake yawan taɓa iyakar asusunsa. In ya ci gaba a haka, shi kaɗai zan ɗauke zuwa VPS irin wadda kamfani ke kula da ita, in sa kuɗin a lissafinsa, sauran su ci gaba da zama inda suke.