Lab ɗin asibitin da aka kwantar da Baba a ICU

Kwana tara Baba ya yi a ICU, wato sashen kula da masu ciwo mai tsanani, na wani asibitin kuɗi a nan Kano, kuma bayan ikon Allah wadda ta fi yi mana aiki ita ce likitar lab, matar da ba mu ma san da ita ba sai a kwana na uku.

Da zazzaɓi muka kai shi, jiki na ta rawa, BP ya faɗi, yana sambatu. Dama yana da robar fitsari saboda matsalar furostet, kuma kusan sati yaron kemis na zuwa gida yana mai allurar Rocephin ba gwaji ba komai. Muna isa suka ɗebi jini a hannu biyu suka zuba a wasu kwalabe, suka ɗau fitsari, wai kalcha, wato gwajin da ake rainon ƙwayar cuta a lab don a gane ta da maganin da zai kashe ta. Raina ya ɓaci wallahi, mutum rai a hannun Allah ana zancen sakamako sai bayan kwana biyu ko uku. Ashe ba jira za su yi ba, suna gama ɗiba suka fara magani, so suke su kama ƙwayar kafin sabon antibayotik ya ɓoye ta.

Ran na uku likitar lab ɗin ta hawo sama da kanta da takarda a hannu. Ta ce min ɗan'uwa zo ka gani, sunan ƙwayar Klebsiella, daga mafitsara ta shiga jini. Ta nuna min jerin magunguna, gaban wasu an sa R gaban wasu S, masu R ɗin nan ƙwayar ta fi ƙarfinsu kenan, masu S kuwa suna iya kashe ta, kuma ceftriaxone wato Rocephin ɗin da muka yi ta kashe kuɗi a kai yana cikin masu R. Nan take suka zauna da likitan ICU aka koma meropenem, aka canja robar. Kwana biyu tsakani Baba ya buɗe ido ya nemi koko.

Inda suka gaza min, kwana biyun farko babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, muna ta zaman zullumi a baranda. Sannan ran Lahadi ba mai karanta kalcha, gwaji na biyu sai Litinin ya fito. Meropenem kuwa tsada kamar me, sai da muka yi karo-karo a dangi.

Duk da haka zan sake kai nawa can. In za ku kwantar da mara lafiya mai tsanani ku fara tambaya ko a cikin asibitin suke kalcha ko waje suke aikawa.