Ponche ko Kinderpunsch: wanne za a dafa wa baƙi a daren sanyi?

Hajiya, kin ce za ki tara baƙi kusan 20 a hutun ƙarshen shekara, har da yara, kina son abin sha mai zafi na 'ya'yan itatuwa wanda babu giya a ciki, kuma an ambata miki ponche na Meziko da Kinderpunsch na Jamus. In dai kina da lokaci, ponche zan ce ki ɗora.

Mutanen Meziko suna dafa shi ne a dararen Las Posadas, wani bikinsu na gabanin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, ana shiga gida gida ana sha a ƙananan kofunan ƙasa. Kayan haɗinsa kuwa sai ki rantse daga kasuwar Rimi aka sayo su: zoɓo, wanda su jamaica suke ce masa, tsamiya, gwaba, rake, kirfa, da wani dunƙulen sukarin rake mai suna piloncillo, ɗan'uwan mazarƙwailarmu. Abu ɗaya ne zai yi wuyar samu, wato tejocote, wani ɗan itace mai kama da ƙaramar tuffa. Ki sa tuffa mai ɗan tsami a madadinsa, ba wanda zai yi ƙorafi.

Ga baƙinki ruwa lita 5 ya isa. Ki fara tafasa kirfa sanda 3 da mazarƙwaila da raken da kika fere kika tsattsaga kamar tsawon yatsa. Bayan minti 20 sai tsamiya da tuffa da zabibi. Gwaba ita ce ta ƙarshe, domin in ta daɗe a wuta narkewa take yi, 'ya'yanta su cika tukunya. Zoɓon kuma ki dafa shi daban ki tace ki zuba, don ki riƙa ɗanɗanawa. Shi da tsamiya in suka haɗu suka yi yawa, sai dasashin baƙi ya mutu. Duka aikin kamar awa ɗaya ne. Kuma ponche sha ne da ci: a ɗebo da ludayi har da 'ya'yan itatuwan, a ba kowa cokali, yara su ƙare da tsotsar rake.

Kinderpunsch ba shi da wannan hidimar. Shi ne abin da ake ba yara da marasa shan giya a kasuwannin Kirsimeti na Jamus, irin ta Nuremberg, a maimakon Glühwein, wato giyar inabi mai zafi. Shayin 'ya'yan itatuwa ne, wanda galibi shi ma da zoɓo a ciki, a haɗa da ruwan tuffa da na lemon zaƙi ko na inabi, a jefa kirfa da kanumfari. Minti 15 a ƙaramar wuta, ba a barin sa ya tafasa, sai a tace. Kanumfari 5 ko 6 sun isa, in ya wuce haka ɗanɗanon magani yake yi. Matsalarsa a wurina, dogaro yake da lemon kwali, ga tsada ga zaƙin da ba ke kika auna ba. Amma ranar da baƙi suka yi miki dirar bazata, shi ne mafita.

Sai abu guda: in an gayyace ki gidan 'yan Meziko aka tambaye ki ko kina son ponche "con piquete", ki ce a'a. Wannan shi ne wanda aka ɗiga wa giya a kofi.