Horon bincike kan giya da HIV bayan digirin dakta

Gaskiya shekara 2 ɗin da na yi a horon nan ban yi nadama ba ko kaɗan. Sun nuna mana yadda mai yawan shan giya yake mantawa da maganinsa na HIV ko PrEP (maganin kariya daga kamuwa da HIV), ga sakaci da kwaroron roba in an bugu, sannan muka koyi aiki da tambayoyi 10 na AUDIT masu auna yanayin shan giyar mutum da gwajin jini na PEth mai nuna ko mutum yana shan giya, don mutane da yawa kunya ba ta barinsu su faɗi yawan abin da suke sha. Malamar da ta kula da ni wallahi akwai haƙuri. Amma kwas ɗin ƙididdiga a gurguje aka yi mana, ya kamata a ƙara masa lokaci.