Gasasshen kifin ɗan Kamaru a bakin ruwan Tiga

Yayana ne ya ja min wannan kashe kuɗi. Ya zo daga Kano ranar Asabar gaida Inna, da aka idar da la'asar ya ce shi fa ba zai koma ba sai ya ɗanɗani kifin ɗan Kamaru da ake ta zancensa a ofishinsu. Abin ya ba ni dariya. Ni da nake kwana nake tashi da ruwan Tiga a gefena, wai sai mutumin birni ne zai ba ni labarin mai gasa kifi a bayan gidana. Na buga mashin, ya hau baya, muka tafi.

Wajen ba abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce a gindin darbejiya, benci huɗu, tabarma biyu, sai rabin duro da aka tsaga aka ɗora wa raga. Daga inda kake zaune kana hango kwale-kwalen masunta a ɗaure. Mai wajen haifaffen nan ne, na san mahaifinsa, amma tunda ya yi shekaru a Kiribi, wani gari na bakin teku a kudancin Kamaru, ya dawo da farin gashi da Faransanci a baki, sunansa na yanka ya ɓace. Yaro da babba, ɗan Kamaru.

Kifin dai, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa cin irinsa ba. Mu abin da muka sani a jefa a mai ya soyu har ya yi ƙarau, a barbaɗa yaji, ko a yi banda. Shi kai za ka zaɓi naka a baho, ya ɗaga maka kunnen kifin ka ga jan da ke ciki. Ya wanke da lemon tsami, ya yi masa tsaga uku kowane gefe, sannan ya cusa wani niƙa na ɗanyar citta, tafarnuwa, albasa, attaruhu, masoro da ɗoɗɗoya. Akwai wata ƙwaya mai maiƙo da ya ce can suna kiranta njansang, wani direba ke kawo masa, ita ke sa niƙan ya kama jikin kifin. Ba ya ɗorawa sai wutar gawayin ta kwanta ta zama garwashi, kuma yana tsaye a kai yana shafa mai da ɗan buroshi, yana juyawa. Karfasar da aka ajiye mana fatarta ta ƙone kaɗan a gefe, cikinta kuwa fari tas, ruwa na tsattsafowa idan ka ɓara. Da gurasa ake kawowa, da sauran niƙan a ɗan kwano. Ya ce a Kiribi da wani ɗaurin rogo mai tsami ake ci, bobolo, ya gwada yi a nan sau biyu mutane suka ce ya ba su lalataccen abinci, ya haƙura. Yaya bai ce uffan ba har sai da ya tsotse kan.

Tarwadar kuwa a bar ta. Maiƙonta ya yi yawa ga wannan gashi, kuma warin taɓo bai fita ba.

Inda muka saɓa da shi wajen kuɗi ne. Yaronsa ya zo ya ce dubu bakwai karfasa ɗaya. Na san kifin nan, na san nawa ake sayar da irinsa a bakin ruwa da safe. Na tashi na same shi a gaban wuta.

"Haba Malam, yau ni ne baƙo a Tiga?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Ba kai yaron ya gani ba, shaddar Yaya ya gani."

Ya rage dubu biyu, ya jawo kujera ya zauna kusa da mu, daga nan labari ya ɓalle. Ya ce wannan ɗabi'a a Kiribi ya koyo ta, kuma a kansa aka fara gwada ta. Tsire yake yi da yamma kusa da inda jiragen masunta ke sauke kifi, matan garin na gefe suna gasa wa duk wanda ya saya. Batanga ne masu bakin tekun, su ke shiga ruwa. Shi kuwa da duk wanda ya fito daga arewa, suna ɗaya ake kiransu: magida. Ranar Juma'a da yamma motoci su fara shigowa daga Duwala da Yawunde, har da Turawa, ana zuwa kallon inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Daga nan zuwa Lahadi komai farashi biyu gare shi, na ɗan gari da na baƙo. Ya shekara uku yana biyan na baƙo, sai ranar da wata tsohuwa mai gashi ta tsawata wa 'yarta ta ce wannan namu ne. A wajen tsohuwar nan ya koyi niƙan.

Ya ce garin ya canza a gabansa. Bututun man Chadi ya riga ya iso can tun 2003, sai aka gina babbar tashar jiragen ruwa a kudu da garin, ta fara aiki a 2018. Ma'aikata suka cika gari, haya ta tashi, masu kuɗi suka riƙa sayen filayen bakin ruwa suna zagayewa da katanga. Mutumin da kakansa ya ɗaure jirgi a wuri, sai ya wayi gari yana zagaye otal kafin ya kai ga ruwa. Ɗakin da yake haya aka ninka masa kuɗi, ya tattara ya dawo gida.

Ina saurarensa ina kallon dam ɗin. An gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo, kuma iyayenmu manoma ne, ruwa ya hau gonakin wasunsu aka tashe su. Baƙin masunta ne suka zo da kalli da birgi suka nuna wa mutane yadda ake cin abinci a ruwa. Yau jikokinsu ne ke zaune a bakin kwale-kwale suna nuna motocin Kano da baki suna cewa baƙi sun iso. Ruwan kuma ya wuce mu ta kanal ya tafi Kadawa da Kura ya yi wa wasu shinkafa da tumatir.

Sauran abin da zan faɗa gajere ne. Mun jira kusan awa guda, don raga ɗaya ce kuma ba ya yarda yaro ya taɓa. Ruwan wanke hannu buta ɗaya ce ke yawo tsakanin benci huɗu, ba sabulu. Ba a ware wa mata wuri ba, wata mota da ta zo da iyali a ciki suka ci. Kafin magariba ƙuda, bayan magariba sauro. Idan kifin baho ya ƙare ya rufe ke nan, ba ya ajiye na jiya, wannan kam na yaba masa. Ranar Sallah kada ma ka fara, ɗan gari ba ya samun benci.

Ranar Talata na koma ni kaɗai bayan an tashi daga makaranta, da tsohuwar rigata mai alli a hannu. Ba kowa sai wasu masunta biyu suna gyaran kalli a tabarma. Karfasa daidai irin ta Asabar, yaron ya ce dubu huɗu da ɗari biyar. Na ƙulle rabi a leda na kai wa Inna, ta ci ta ce da daɗi, amma wai a gaya wa yaron nan kifinsa bai soyu ba.