Cire tonsil gaba ɗaya ko rage ta: wanne ya fi ga mai yawan ciwon makogwaro?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya kan ɗanta da ciwon makogwaro ya matsa wa, yau lafiya gobe zazzaɓi. Likita ya ce mata aikin iri biyu ne, ko a cire tonsil gaba ɗaya ko a rage ta, tana son ta san wanne ya fi. 'Yar'uwa, Allah Ya ba yaron lafiya. A ganina, in yawan kamuwa da ciwo ne matsalar, cirewa gaba ɗaya ta fi ƙarfin hujja, ko da yake ragewa ta fi sauƙin jinya nesa ba kusa ba.

Tonsil tsokoki ne biyu a gefe da gefen makogwaro. Kowace tana zaune cikin wata siririyar fata kamar jaka, bayanta kuma akwai naman makogwaro da jijiyoyin jini. A aikin cirewa, likita yana fitar da tsokar har da jakarta, sai naman ya zauna a buɗe har ya warke. A aikin ragewa yana cin tsokar ne daga ciki, ya bar jakar ta rufe wurin. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka taso.

Ta fuskar zafi da zubar jini, ragewa ce a gaba. Wanda aka cire wa gaba ɗaya yakan yi kusan mako biyu yana fama, haɗiya da ƙyar, zafin har kunne, wani yaron ma ya ƙi shan ruwa. Bitar bincike da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana tantancewa, ta fitar a 2020 ta nuna yaran da aka rage wa sun koma harkokinsu kimanin kwana 4 kafin sauran. Jinin da aka fi tsoro shi ne wanda ke ɓallewa tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da farin ɓawon wurin yake faɗuwa, kuma ya fi aukuwa bayan cirewa gaba ɗaya. Ko wane aiki aka yi, in aka ga jini a baki to sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

Sai dai yaran da ke cikin waccan bitar masu minshari ne da toshewar numfashi a barci. Su girman tsokar ne damuwarsu, da an rage ta hanya ta buɗe, shi ke nan. Ɗanki kuwa ita kanta tsokar ce ke kamuwa. Tonsil na da ƙananan ramuka inda ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, abin da aka bari kuma yana iya sake kamuwa, yana iya sake girma, musamman ga ƙaramin yaro. Ba kowa hakan ke faruwa da shi ba, amma wanda ya faɗa ciki sai an sake sa shi barci an yi aiki na biyu.

Manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su kan yawan ciwo duk cirewa gaba ɗaya suka auna. Na likita Jack Paradise da aka buga a 1984 a Amurka kan yara ne. Wani gwajin mai suna NATTINA da ya fito a 2023 a Birtaniya kan manya 453 ne, ya kuma nuna ranakun ciwon makogwaro sun ragu sosai cikin shekara biyu ga waɗanda aka yi wa aiki. Sun ragu na ce, domin sauran makogwaron yana nan, mura ma za ta iya kama shi.

Ita ragewar ma ba iri ɗaya ba ce. Wani likitan yana datse abin da ya turo waje kawai. Wani yana kwashe kusan duka, ya bar jakar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan na biyun ne wasu likitoci suke yi wa masu yawan ciwo yanzu. Don haka ki tambaye shi kai tsaye: nawa zai bari, kuma cikin waɗanda ya yi wa don ciwo, nawa suka dawo?

Kafin ma a kai nan, ki ƙirga. Ma'aunin da aka saba bi shi ne ciwo sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku. Kowanne kuma ya zo da zazzaɓin da ya haura digiri 38.3, ko kaluluwa a wuya, ko mugunya a kan tonsil, ko gwaji ya nuna ƙwayar Streptococcus. Yaron da bai kai haka ba yawanci jira ake ba shi, domin da yawansu ciwon yana ja baya da kansa in sun ƙara girma.

Akwai inda zaɓin yake ƙanƙancewa. In ƙurji mai mugunya ya sha fitowa a bayan tonsil, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya girma har likita yana son a auna naman, cirewa gaba ɗaya aka saba yi.