Fatar jar akuyarmu a kan teburin Bature

Assalamu alaikum 'yan uwa na Sakkwato, musamman Yaya da mutanen gida. Shekarata ta uku ke nan ina aiki a wata majema a Santa Croce sull'Arno, tsakanin Pisa da Firenze a ƙasar Italiya, garin da kusan kowane lungu warin jima yake yi. Akwai abin da ya same ni makon jiya, har yau bai bar raina ba.

An sauke mana kayan fatun awaki daga Najeriya. Da na ga sunan ƙasata a jikin takardar, daɗi ya kama ni, na ce wa ogan sashenmu wannan fatar garinmu ce. Na ba shi labarin yadda fatake ke ƙetare Sahara da fatar jar akuyar Sakkwato, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Dattijon ya ce ya sani, kuma a wurinsa samun fatar akuya mai laushi da ƙarfi irin tamu sai an tona. Sai ya kunna fitilar teburinsa, ya fara ɗaga su ɗai-ɗai.

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Wannan ga shaidar wuƙa, mai fiɗa ya zurma har ta kusa hudawa. Waccan cizon kaska ya yi mata zane kamar rariya. Wata ƙaya ta karce bayanta tun akuyar na da rai, wata kuma ta fara ruɓa kafin ta ga gishiri, fuskarta ta ɗaye. Cikin goman farko, biyu kaɗai ya aje a layin da ake yin jaka mai tsada. Sauran ya tura su aikin shafin cikin takalmi, inda ido ba ya kaiwa, kuɗinsu kuma ya faɗi. Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi: "Akuyar ta yi nata, mutane ne suka ɓata."

Abin da ya fi burge ni a nan ba injuna ba ne. Kowane kashin fata da lambarsa da takardarsa, tana bin sa daga jiƙo har rini: wa ya karɓa, ƙarfe nawa, zafin ruwa nawa, awa nawa a cikin ganga. Ran nan launi ya fito da dabbare-dabbare. Ba wanda ya tambayi wa ya yi. Takardar aka ɗauko aka bi baya, aka gano ma'aunin zafin wata ganga ne ya fara ƙarya. Aka canza shi, aka ƙara dubansa cikin aikin kowace safiya, shi ke nan. Majeman da ke jima da ɓawon itace ma ƙungiya gare su tun 1994, suna liƙa wa kayansu alama mai lamba don mai saye ya san asalinsu.

Mu fa? Wallahi hannun majemanmu da dukawanmu bai gaza nasu ba. Bagaruwarmu da karan dafi suna fitar da ja wanda duk zamana a nan ban ga irinsa ba, kuma in na tuna ƙamshin sabon takalmi ranar Sallah sai kewar gida ta taso mini. Amma ka ba da aikin takalmi ashirin, na farko ya yi kyau kamar ka lasa, na ƙarshe ƙafar dama ta ɗara ta hagu. Ka yi magana a ce maka "yi haƙuri, haka ta zo". Ba ta zo ba, mu muka kawo ta! Ranar layya a feɗe dabba da wuƙa mai tsini ana sauri, a yar da fatar a ƙasa cikin rana da ƙuda har la'asar, sannan a yi ta kukan 'yan fata ba su saye da daraja. Dabbar da aka sha wahala aka sayo a Illela ko Achida, a kashe darajar fatarta cikin minti biyar.

Yaya, na aiko maka da wuƙaƙen fiɗa guda biyu masu lanƙwasasshen baki ta hannun mai zuwa gida. Don Allah a tanadi gishiri tun kafin Sallah. Da an gama fiɗa a kankare kitsen, a zuba gishiri ta gefen nama, a shimfiɗa a inuwa. Ka ɗauko mini hoton cikin kowace fata ka turo, zan nuna wa dattijon nan.