Kwana ko jeka-ka-dawo ga 'yar aji ɗaya a sakandare

Hajiya, game da 'yarki da za ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, shawarata ita ce ki sa ta a jeka-ka-dawo, ki jingine maganar makarantar kwana har sai ta rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku.

Yarinya mai shekara 11 ko 12 ba ta iya faɗin damuwarta kai tsaye ba, sai dai a karanta a fuskarta, kuma ba mai yin wannan karatu sai wanda yake ganin ta kullum. Tawa 'yar jeka-ka-dawo take yi daga nan unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato. A zangonta na farko na lura tana dawowa da abincinta a kula ba ta taɓa ba, ga shi ta rage surutu, alhali da can ba a jin kunne in ta shigo gida. Wata ranar Juma'a ina yi mata tsifa, kanta a kan cinyata, sai ta ce a bencin baya aka ajiye ta, ba ta ganin rubutun allo sosai, kuma 'yan aji suna yi mata dariya idan ta kwafo ba daidai ba. Da Litinin ta zo na je na ga malamin ajinsu, ya mayar da ita gaba, muka kai ta asibiti aka auna idon aka ba ta tabarau, kafin hutu ta koma yadda take. Da a makarantar kwana take, da sai dai in ga sakamako ya lalace in ɗauka wasa ne ya yi mata yawa. Haka kuma lokacin da ta fara al'ada a gida abin ya same ta, ni na koya mata tsarki da wanka, ba wata babbar ɗaliba ba.

Jeka-ka-dawo na da nata nauyin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke napep da kabu-kabu ya zama abin lissafi a kowane wata, sannan a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, dawowa da ƙarfe biyu na rana azaba ce, saboda haka ki zaɓi makarantar da ke kusa da unguwarku ko da ba ta kai wata suna ba. Dole kuma ki sauƙaƙa mata wanke-wanke da aike, ki ware mata lokacin bita bayan Magariba, ki raba ta da waya. Ribar ita ce Islamiyyarta ba za ta yanke ba.

Makarantar kwana kuwa, ban hana ta yabonta ba, tana koya wa yaro tashi da asuba da kula da kayansa, kuma Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, wadda aka kafa tun 1966, ta yaye mutane masu yawa. Amma a tsarin kwana gaba ɗaya ɗan aji ɗaya shi ne na ƙarshe a layin famfo da layin gabza, shi ne mai ɗauko wa manya bokiti. Cunkoson ɗakin kwana a bazara shi ne abin da sanƙarau yake so, ba mu manta da ɓarkewarsa ta 2017 a nan da Zamfara ba. Kuma bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020 da na Jangebe a 2021, gwamnatin jiharmu da kanta ta rufe makarantun kwana na wajen birni. Idan har yanayi ya tilasta miki, to ta kasance cikin gari, kuma ki shiga ɗakin kwanan da banɗakin da ƙafarki, ki tambayi wanda ke duba yara idan zazzaɓi ya kama su da dare.

Ki yi hattara da wasu masu makarantun kuɗi da za su nuna miki fenti da ɗakin kwamfuta a ranar rajista, bayan kin biya sai kuɗin yunifom da littattafai da darasin yamma su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, ki ga takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi, ki tabbatar ɗalibansu a makarantar suke zana BECE, ba kwashe su ake yi zuwa wata cibiya ba. Duk wanda kuma ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki gurbi a kwalejin tarayya, kada ki saurare shi, domin hanyar shiga ita ce jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa 'yan aji shida na firamare.